Sunan Ɗan Fari a Bakin Goggo

Kano, watan Afrilu

Zuwa ga taubashiyata Zuhaira, malamar makaranta a lakwal ɗin Gangara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya zafi? Na san yanzu Damargu ta ɗau wuta, ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Mu nan lafiya lau. Khadijat tana gaishe ki, yaron ma ya fara tafiya, ba abin da ya bari a mazauninsa. Tun da kin ce in daina turo miki murya a salula don rezon Gangara sai an hau tudu, ga shi na koma biro da takarda. Aghali direba zai karɓa a tashar Damagaram ya miƙo miki, tare da wani ɗan ƙunshi. Kada ki fara murna, ba turare ba ne.

Kafin in faɗi abin da ke ciki, bari in wanke kaina. Labari ya iso mini cewa kina bin gidajen biki kina cewa Haris ya tafi Kano koyon Hausa, da bakinsa da gemunsa. Allah ya isa ban ce ba, amma ki gyara. Abin da nake karantawa sunansa kimiyyar harshe. Likita ma yana da ciki, amma bai hana shi zama ya karanta abin da ke cikin cikin ba. Mu muna duba furuci, wato yadda leɓe da harshe da maƙogwaro suke haɗa kai su fitar da sauti. Muna duba ƙirar kalma, yadda noma ta haifi manomi da manoma. Akwai ginin jumla, akwai ma'ana. Ni ɓangaren da na ɗauka shi ne karin harshe: yadda harshe ɗaya yake sauya tufafi daga gari zuwa gari. Ran da na fara zuwa kasuwa a nan na ce a auna mini hatsi, mai awo ya ce wane iri, don a wurinsu dawa ma hatsi ce, masara ma hatsi ce, namu kuwa gero suke ce masa. Na ce wasaki, aka yi ta kallona, sai da na ce guga. To irin wannan nake son in tattara na Damargu, kafin rediyo da salula su goge shi.

Abin da ke cikin ƙunshin 'yar rakoda ce. Malaminmu ya ce a nemi tsoho ko tsohuwa, haifaffen wurin, wanda bai yi boko ba, bai yi yawon duniya ba, kuma haƙoransa na gaba suna nan, don giɓi yana ɓata furuci. Na zauna na bi Gangara gida gida a raina. Masu haƙora sun yi Libiya sun dawo, waɗanda ba su je ko'ina ba kuwa goro ya gama da su. Mutum ɗaya ta rage, Goggo Kaltuma. Goggonki, mahaifiyata. Ni ma Goggo nake ce mata tun ina ƙarami, don a bakinku na tsinta, ba wanda ya gyara mini.

Kin san ba zan iya wannan aikin da kaina ba. Ni ɗan fari ne. In na zauna gabanta da rakoda, kukan awaki kawai zan ɗauko, ita kuwa ta juya mini ƙeya tana gyaran wake. Ke ce 'yar lelenta. Ki ja ta da hira kawai, kada ki gyara mata magana irin ta malaman lakwal. Ki tambaye ta rijiya, da shuka, da ayarin Buzaye. Sannan ki sa ta ba ki labarin haihuwarta, 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ina son in ji yadda take furta sunaye.

Wallahi, Zuhaira, ina kewar gida. Jiya ina aji ana maganar karin sauti, yadda murya ke hawa da sauka a kan gaɓa, sai hankalina ya tafi bakin babbar rijiya. Raƙumi ya ja igiya ya yi nisa har ya ƙanƙance, mai jiran wasaki ya ƙwalla kira, sai ka ga an juyo. Kiran nan ba kalma ba ce, amma ba wanda bai san nufinsa ba. Har yanzu ana ja da raƙumi, ko famfo ya kashe abin?

Ki gaida kowa. Ki kula da rakodar, ba ta sha ruwa ba ta cin tuwo.

Taubashinki,
Haris

*

Gangara, watan Mayu

Zuwa ga malamin Hausa na birnin Kano,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, mun gode. Muna lafiya, sai zafi, har alli yana narkewa a hannu. Maigidan yana gaishe ka. Ka shafa mini kan yaro, ka ce wa Khadijat ina jinjina mata, zama da mai ƙirga haƙoran tsofaffi sai mai haƙuri. Allah ya taimake ni da na ƙi ka tun muna yara.

Famfo ya zo, amma rijiyar tana nan, masu dabbobi ba su bar ta ba. Raƙuman ne suka ragu, yanzu jakuna sun fi yawa.

Aikinka na yi. Na je da la'asar, na tarar da Goggo a ƙarƙashin runfa tana saƙa faifai. Da na fito da rakodar ta ce, "Wannan ɗan abin shi zai haɗiye maganata?" Na ce mutanen Kano ne suke son su ji Hausar Damargu. Ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce, "Wancan na birni ne ya aiko ki." Ban musa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ɗauka shi ke nan an kore ni. Sai ga ta ta fito da sabon zane da kallabin da take zuwa Idi da shi. Na ce Goggo, murya kawai yake ɗauka, ba hoto. Ta ce, "Ina ruwanki."

Da farko magana ɗaya ɗaya take yi, kamar mai amsa tambayar jandarma. Da na taɓo ayari kuwa sai bakin ya buɗe. Ta ce suna yara, in kaka ta yi, kafin a ga raƙuma ana jin ƙarar akwatunan fata da kukan amale daga arewa. Buzaye su sauka bayan gari da gishiri da dabino da cuku, su koma da hatsi. Ta ce uwarta ba ta jin yarensu, matar Buzun da suke ciniki da ita ba ta jin Hausa, amma shekara da shekaru ba su taɓa saɓawa a kan mudu ba. Ta kwaikwayi yadda suke yi da hannu da ido, na yi dariya har na kusa kifar da rakodarka. Za ka ji. Ta yi maganar shekarar da aka ci ganye, da yadda marigayi mahaifinka ya ƙi sayar da sansa na noma. Shi ma "mai gidan nan" take ce masa, ko da wasa ba ta kama sunan ba.

Ga wata tambaya tawa, tun da kai ne masani. Yaran ajina ba sa cewa sun makara, sai su ce sun yi ratar. Allo kuwa tabulo. Na yi faɗa har na gaji. Wannan ɓata harshe ne ko kuwa akwai wani dogon suna da kuka ba shi?

Sai labarin 'ya'ya. Nan ma ta ba ni da yawa. Habiba shekarar fara aka haife ta, ana ta kaɗa gwangwani a gonaki. Raliya a bakin gona ta zo, ba ta jira an kai gida ba, shi ya sa har yau take da gaggawa. Tanko kuwa, da aka ce namiji ne bayan mata biyu, kakarku ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Kowa da shekararsa da abin da aka ci ran sunansa. Daga Habiba ta fara, a kan Tanko ta tsaya. Kai dai ko a ƙura ba ka fito ba. Ina jin a tashar Tanut aka tsince ka, ba a dai so a faɗa maka ba ne.

Ga memori ɗin a cikin ambulan, na naɗe shi a takarda. Rakodar tana wurina in akwai saura. Ladan aikina atamfa ce, ba godiya ba.

Taubashiyarka, uwar ɗakinka,
Zuhaira

*

Kano, watan Yuni

Zuhaira,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ina fata ruwa ya sauka an yi shuka.

Amsar tambayarki: sunan abin aron kalma, kuma ba ɓarna ba ce. Raƙumi da takobi daga Buzaye muka samo su, kasuwa daga Barebari, yau wa zai ce ba Hausa ba ne? Harshen da ya daina aro ya mutu. Ki bar yara su huta.

Na saurari memorin. Na sake saurara. Khadijat ta ce in ban cire abin nan daga kunne ba za ta jefa shi a randa. Zuhaira, ashe haka Goggo take? Ashe tana da ban dariya? Na haura shekara talatin ban taɓa jin ta haɗa jumla uku a gabana ba. Ban san tana shaƙewa in tana dariya ba. Wurin aiki kuwa kin gama mini komai, malaminmu ya ce bai taɓa samun murya mai tsabta irin wannan ba. Ya kamata in yi murna.

Amma na zo wurin 'ya'ya. Daga shekarar aurenta ta tsallaka sai shekarar fara. Ko numfashi ba ta ja ba a tsakani. Na mayar baya na kasa kunne ko zan ji ta ɗan tsaya, babu. Sannan na sake karanta abin da kika rubuta na tashar Tanut. Na san wasa kike, amma ya zauna mini a ƙirji.

Ba sai kin faɗa mini al'ada ce ba. Akwai darasi guda a kanta a fannin da muke kira walwalar harshe, wato yadda jama'a suke tafiyar da magana tsakaninsu, wa ke faɗin me, a gaban wa. Sakaya ake ce wa abin. Mace ba ta kama sunan miji, ba ta kama na suruki, ba ta kama na ɗan fari. Na rubuta jarrabawa a kai na ci. Sanin sunan ciwo dai bai taɓa warkar da shi ba.

Kin tuna ran da Baffa ya zo ya tafi da ni Damagaram? Ke kina ƙarama, ni ina shekara bakwai. An ɗora ni a bayan kamiyo kan buhuna. Kakata tana kuka, mahaifinki ya ba ni dabino, Habiba tana bin motar da gudu. Goggo tana bakin rumbu tana sussuka. Ba ta ɗago ba. Ina kallon bayanta har muka sha kwana, taɓaryar ba ta canza kiɗa ba. A aji in an ce harshen uwa, wanda yaro ya fara sha a gida kafin kowane, sai in ji kunya ta kama ni. Ni nawa a bakin kaka da maƙwabta na tsince shi. Ga Khadijat nan, ɗanmu na fari ne, amma tun safe take kwaɗa masa kira da sunansa har maƙwabta sun haddace. Wani lokaci in ta kira shi sai in fita waje.

Ba don malaminmu na sa tambayar 'ya'ya ba, ina jin kin gane. So nake in ji sunana a bakinta, sau ɗaya, ko a cikin rakoda ne. In mutu ban ji ba, abin zai dame ni. Ki koma. Kada ki yi kwana-kwana, ki tambaye ta kai tsaye: wa Habiba take bi?

Hutun bana ba zan zo ba, aiki ya yi yawa. Ko na zo ma, bango zan gaisar. Atamfarki da memorin suna hannun Aghali.

Haris

*

Gangara, watan Agusta

Haris,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkiri. Ruwa ya yi gyara bana, hanya ta yanke, Aghali ya daɗe bai biyo ba. Hatsi ya yi kyau, ya fara fitar da kai. Yara lafiya. Atamfa ta iso, na gode, ko da yake launin irin na tsofaffi ne.

Maganar tashar Tanut, ka yafe mini. Wasa na yi irin wanda muka saba, ban san a kan gyambo na taka ba. Amma kai ma ka sa ni abin da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na je. Tana tsinkar tafasa a faranti. Na kunna rakoda, muka ɗan taɓa hirar damina, sannan na rufe ido na ce, "Goggo, wa Habiba take bi?" Hannunta ya tsaya.  Sai ta ce, "Zuhaira, uwarki ba ta koya miki kunya ba, ko boko ne ya cinye ta?" Na ce Goggo, aikin makaranta ne. Ta ce, "Makarantar da ke sa uwa ta tsiraita bakinta, Allah ya raba mu da ita. Kashe abin nan." Ta ɗauki farantinta ta shiga ɗaki. Washegari ta aiko Tanko da rakodar, na bar ta a can don ruɗewa, an naɗe ta a tsumma an ɗaure kamar maganin da ba a so a taɓa. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska.

Ni ba zan yi maka wa'azi ba. 'Yata ta fari a ajina take, kullum da safe sai na kira sunanta da ƙarfi, ban ji komai ba. Zamaninmu daban. Amma matar nan haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. A wurinta wadda ta kama sunan ɗan fari ta zubar da mutuncinta, ta kuma jawo wa ɗan nata bakin mutane. Kana neman ta tuɓe abin da ta yafa tun kafin a haife mu, don kai ka ji daɗi. Kuma ka ce bango za ka gaisar. Bango ne yake fitowa bakin darni duk ran da motar Aghali ta yi oda, wai tana neman akuya?

Wani labarin kuma, an yi mini canjin wurin aiki. Da an koma lakwal, Belbeji zan tafi, maigidan ya riga ya nemo mana gida. Raina bai so ba, a nan aka binne cibiyata, amma aikin gwamnati ba a yi masa gardama.

Goggo ta ɗan yi zazzaɓi tun shigowar ruwa. Tanko ya kai ta likita a Tanut, an ba ta magani, sun dawo. Da sauƙi. Ka dai yi tunani a kan maganar zuwan nan.

Zuhaira

*

Belbeji, watan Oktoba

Haris,

Gaisuwa. Mun tare lafiya, garin ba laifi, sai dai ban san kowa ba.

Shiru ba amsa. Na tambayi Aghali, ya rantse ya ba da takardata hannu da hannu a tasha. Ko fushi kake da ni, ko kuwa ka ga na rubuta "da sauƙi" ka gyara kwanciya? Yaushe ka taɓa jin Bahaushe ya ce jikin mara lafiya ya tsananta? Ko ana haƙa kabari da sauƙi muke cewa. Ban iya rubuta wani abu ba ne a lokacin, hannuna ya ƙi.

To yau zan rubuta. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da wani abu. Kafin in taso na je sallama, ta tambaye ni ko na ga innarta a hanyar rijiya, matar da ta rasu tun ba a haife ni ba. Habiba ta baro gidan mijinta ta dawo tana kwana da ita. Wata rana ta gane mutane, wata rana ba ta gane ba, kuma ranakun rashin ganewar suna ƙaruwa.

Rakodarka na bar ta wurin Tanko. Ka ajiye karatun nan ka taho, ba gudu zai yi ba.

Zuhaira

*

Gangara, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga Zuhaira,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kin fara sabawa da baƙunta. Ga shi duniya ta juya, ni a Gangara ke a wani gari. Ba fushi nake da ke ba. Takardarki ta Agusta na karanta ta, na ga "da sauƙi", na riƙe kalmar da hannu biyu don ita nake son ji. Ta biyun da ta zo, a ranar na nufi tasha.

Na sauka ana tsakiyar kaka. Tun daga Tanut amalanke ke wucewa da damman hatsi, gari duk ƙamshin sabon kara. Na biya ta bakin rijiya, na tarar da jakuna kamar yadda kika ce, amma kiran mai jiran wasaki bai canza ba. Tanko ya tare ni a ƙofar gida, ya ba ni rakodar. Ban san abin da ya sa ba, na kunna ta na jefa a aljihu. Hannu ne ya yi, ba ni ba.

Tana ƙarƙashin runfa a kan tabarma, Habiba na gefenta. Ta rame, Zuhaira. Na cire takalmi, na tsuguna daga nesa inda na saba tsugunawa, na sunkuyar da kai na gaishe ta. Kin san yadda muke yi tun da can. Ni in gaida ƙasa, ita ta amsa wa wanda ke kusa da ita, ta ce a tambayi wancan ya hanya. Ina jira in ji ta yi wa Habiba magana.

Sai na ji ta ce, "Matso mana, baƙo. Rana a nan."

Na ɗago. Ni take kallo, cikin ido, fuska a sake. Tun da nake ban taɓa ganin idonta a kaina ba. Na matsa har gwiwata ta taɓa tabarmar.

Ta ce, "Kai wane ne?"

Habiba ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Na ce, "Haris ne."

Ta ce, "Harisu." Haka ta faɗe shi, ta ƙara masa wasali a ƙarshe irin na mutanen da, ta ja shi a hankali. "Harisu. Suna mai daɗi. Sannu da zuwa, Harisu. Habiba, kawo wa Harisu ruwa, daga gani ya sha hanya."

Habiba ta tashi, amma ba wurin randa ta nufa ba, bayan ɗaki ta zaga. Ina jin kukanta.

Muka yi hira, ni da Goggo. Hira sosai, irin wadda kika yi da ita. Ta tambaye ni ko an yi ruwa a garinmu. Ta ba ni labarin ayari, ta yi mini kwaikwayon matar Buzun nan da hannu da ido, ta yi dariya har ta shaƙe, ta dafa kafaɗata. Duk jumla sai ta saka sunan, kamar yadda ake yi wa baƙo don ya saki jiki. Can ta ce, "Uwarka tana da rai?" Na ce tana nan. Ta ce, "To ka riƙa leƙa ta, Harisu. Mu ba mu iya cewa a zo ba."

Ban san yadda na tashi daga wurin ba. Na tsinci kaina a bakin rumbu ina kuka irin wanda ban yi ba ran da aka tafi da ni.

Abin da na roƙa na samu, har ya yi yawa. Yana cikin rakoda, da tsabta, ba kukan akuya ko ɗaya. Ban saurara ba, kuma ba na jin zan iya. Duk shekarun nan da take tsallake sunana, ta san inda yake ne, shi ya sa ƙafarta ba ta taɓa taka shi ba. Yanzu ta bi ta kansa ta wuce kamar na kowa.

Na rubuta wa malaminmu cewa zan daɗe. Kullum da hantsi nakan zauna inda za ta fara ganina in ta fito. Jiya ta ce, "Harisu, ba ka tafi ba?" Yau ma haka. Habiba ta ce rabon Goggo da gane mutane, in ban da ita, tun kafin a fara yankan hatsi, amma wai takan dawo, ba a dai san ranar ba.

Ki taya ni addu'a, ke da yaran ajinki. Ban ce a roƙa mata tsawon rai ba, wannan na Allah ne. Ki roƙa mini safiya ɗaya kawai, ta fito ta gan ni zaune, ta ja mayafi ta kau da kai.

Taubashinki,
Haris